Tanti a Dajin Birai

Mas'ud ɗan wani ƙauye ne da ke bayan Sheme. Tun yana ƙarami yake bin mahaifinsa farauta, har ya iya duba ƙasa ya gane abin da ya wuce ta wurin da kuma inda ya nufa. Da lamarin 'yan bindiga ya tsananta mutanen ƙauyensu suka watse, sai ya kai matarsa Shafa'atu da 'yarsu Zahra'u gidan surukinsa a Daudawa, shi kuma ya fita neman abin yi. Ya yi dako a Funtuwa, ya yi gadi a Jos, ya yi ta gangarawa daga wannan aiki zuwa wancan har ya tsinci kansa a Taraba, can gindin duwatsun da ke kusa da iyakar Kamaru. A nan ya ji ana neman masu ɗaukar kaya a wani masauki da ke cikin kurmi.

Masaukin ba otel ba ne irin na birni. Tantuna ne aka kakkafa a kan dandamalin katako, aka yi wa kowanne rumfar ciyawa saboda ruwan sama, a ciki akwai gado da gidan sauro da fitila mai caji da rana. Da yake wurin yana da araha, ba Turawa kaɗai ke zuwa ba, har da ɗaliban jami'a da ƙananan ma'aikata daga Legas da Abuja. Abin da ke kawo su ɗaya ne: wani irin baƙin gwaggon biri marar wutsiya, mai hannu da fuska kamar na ɗan Adam, wanda kan lanƙwasa rassa ya yi wa kansa shimfiɗa a saman itace. Baƙi su kwana a tanti, da safe a shiga da su kurmi a bi sawun biran har a same su. Ba a daɗe ba aka lura Mas'ud ya fi ƙarfin dako, aka mai da shi cikin masu bin sawu.

Yana son aikin. Abin da kawai ke damunsa shi ne iyalinsa na nesa. Sai ga shi wata rana manajar wurin, wata mata 'yar Mambila, ta ce mai dafa musu abinci za ta yi aure ta bar aiki. Mas'ud bai yi wata-wata ba ya ce matarsa ta iya girki, don kafin su watse ita ke sayar da waina da dambu a ƙauyensu. Manaja ta ce ya je ya zo da ita, akwai ɗakin ma'aikata, akwai makaranta a ƙauyen da ke kusa, amma fa kafin ruwa ya ɗauke, don lokacin ne baƙi ke yawa.

Haka ya iso Daudawa da tsarabarsa da albishir. Shafa'atu ta saurare shi tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta ce ya sake maimaita mata zancen ɗakin. Ta gaji da zaman gidan iyaye, ta gaji da raba ɗaki da ƙannenta, ta gaji da jin ƙarar babur daga nesa gabanta ya faɗi. Ta ce in don ita ce ko gobe a tafi, sai dai ya san sai Baba ya yarda.

Alhaji Gide, mahaifinta, manomin masara da auduga ne, kuma gonarsa mafi albarka tana bakin daji, shekaru ke nan ba wanda ya iya taka ta. Bayan la'asar Mas'ud ya same shi a zaure, ya cire takalmi ya durƙusa nesa da tabarma, ya yi gaisuwa, sannan ya kawo maganar a hankali. Tsohon ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba.

"Ka ce cikin daji kake kwana," in ji Alhaji.

"E, Baba. Amma ba irin dajinmu ba ne."

"Cikin tanti."

"Baƙi ne ke kwana a tanti, Baba. Mu muna da ɗakuna."

"Kuma aikinka bin biri."

Mas'ud ya ce haka ne. Alhaji ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Ni na tsuhwa ina korar biri daga masarata. Yau ka zo kana hwaɗa mani wai mutum na baro garinsu, shi sha wahalar hanya, shi kwana a daji don kawai shi kalli biri. Mas'udu, in akwai wata sana'a da kake yi, hwaɗa mani tun muna mu biyu."

Sai a lokacin Mas'ud ya gane abin da surukinsa ke zargi, wato ko ya shiga 'yan bindiga. Ya rantse, ya yi bayani, ya sake yin bayani, ya ce gwamnati ce ke kula da dajin, akwai masu gadinsa, akwai takardar izini. Alhaji ya ce ya ji, zai yi tunani, ya kuma miƙe ya shige cikin gida.

Abin da ya ƙara dagula lamarin wanki ne. Shafa'atu ta wanke masa kayan aikinsa ta shanya a igiya: koriyar riga da wando, da rigar ruwa, ga manyan takalmansa na shiga kurmi ta jingine a bango. Maƙwabta suka shigo ɗibar wuta suka gani. Zahra'u kuma ta fita ƙofar gida da madubin hangen nesa da wani baƙo ya ba shi kyauta, yara suka yi layi suna leƙawa. Kafin ranar kasuwar Sheme ta zagayo, magana ta riga shi isa can. Da ya je kasuwar, mutanen da ya taso tare da su suka riƙa amsa gaisuwarsa a gajarce. Mai shayin da a da yake ajiye masa gurbi a benci ya zuba masa ba tare da ya dube shi ba.

Yana cikin shan shayin ne Muttaka ya dafa kafaɗarsa. Muttaka shi ne shugaban 'yan sa-kai na yankin, kuma abokin yayan Mas'ud ne tun suna yara. Ya ja shi bayan rumfunan hatsi ya ce masa shi bai yarda da abin da ake faɗa ba, amma yaransa sun fara tambaya, kuma ya san halin da ake ciki, mutum kan rasa ransa a kan zargin da bai kai wannan ba. Ya ce in yana da abin da zai nuna, ya nuna.

Mas'ud ya ciro waya da sauri. Ya buɗe bidiyon wata uwar biri tana zura tsinke a ramin gara tana lasa, ɗanta na maƙale a bayanta. Muttaka ya kalla har ya ɗan yi murmushi, sannan ya ce irin wannan ai cike yake a waya, yaransa ma suna da na zaki da na kada. Ya tambaya ina Mas'ud ɗin yake a ciki. Babu shi, don shi ne mai ɗauka. Mas'ud ya lalubo hoton da yake ciki, sai ga shi tsaye cikin koren kaya a gaban tantuna, adda a hannu, baƙin daji a bayansa. Muttaka ya daɗe yana kallon hoton.

"Wanga kam kada ka nuna ma kowa," ya ce, ya miƙa masa wayar.

Mas'ud ya koma Daudawa ransa a jagule. Ya kira Manaja ya roƙe ta ta yi wa surukinsa bayani da bakinta. Ta yi, cikin Hausarta ta mutanen dutse, ta yabi Mas'ud, ta ce amana ce za su riƙe masa 'yarsa. Alhaji ya yi mata godiya cikin mutunci. Da aka kashe waya ya ce murya dai murya ce, ko masu satar mutane ma ta waya suke magana, kuma da daɗin baki.

Wannan ya sa Mas'ud ya kusa fasawa. Ya ce wa Shafa'atu shi zai koma abinsa, ya gaji da rantsuwa a kan gaskiya. Ita ce ta hana. Ta ce kalamai ba za su shiga kunnen Baba ba, ido yake so, kuma idon da ya yarda da shi a duniya ɗaya ne, na ƙanensa Baba Audi.

Baba Audi ɗan kasuwar hatsi ne a Ƙanƙara. An san shi da abu biyu: ba ya ƙarya, kuma ba a taɓa yi masa abu ya ce ya yi daidai ba. Da aka kai masa maganar ya ce gwiwarsa na ciwo, ya ce kasuwa za ta wuce shi, ya ce shi bai ga dalilin da zai sa dattijo kamarsa ya tafi kallon biri ba. Da yayansa ya ce don mutuncin gida ne, sai ya ɗauki buta da darduma da kwalbar man zafi ya ce a tafi.

Tafiyar ta yi tsawo, kuma tun daga Funtuwa Baba Audi ke ƙorafi. Kujera ta matse shi, direba na gudu, tuwon hanya ba ya da gishiri. Da suka bar kwalta suka hau babur suka nufi kurmi, itatuwa suka fara rufe sama, sai ya yi tsit, sai salati da yake yi ƙasa-ƙasa yana waige. Manaja ta karɓe shi da girmamawa, ta ba shi tanti mafi kusa da rafi, ta ce shi baƙonta ne. Ya zagaya tantin, ya taɓa gidan sauron, ya danna katifar, ya ce ba laifi, amma shi bai saba kwana a ɗakin da za a iya yanka bangonsa da reza ba.

Da asuba Mas'ud ya riga kowa fita, ya gano inda biran suka kwana, ya dawo ya ɗauki Baba Audi tare da wasu ɗalibai. Suka haura tudu, suka gangara kwari, suka tsallaka ruwa. Da suka isa, sai shimfiɗun ganye a saman itace da ɓawon 'ya'yan itatuwa a ƙasa. Biran sun tashi. Ɗaliban suka durƙusa suna ɗaukar hoton kashin biri suna murna, Baba Audi ya tsaya yana kallonsu riƙe da gwiwa. Washegari ma haka, sai dai sun ji ihunsu daga can ƙetaren kogi, da wani dukan gindin itace kamar ana buga ganga. Mas'ud ya ce su ne, ga su can. Baba Audi ya ce ya ji ihu, amma ihu ba a ganinsa.

Mas'ud ya san abin da ya faru. Wani ɓaure ne ya nuna a ƙetare, biran suka koma can, kogin kuma ya cika ba ya tsallakuwa da baƙo. Ya yi wa tsohon bayani, ya ce dabbar daji ce ba ta turke ba, wani baƙon yakan gan su ranar farko, wani sai ya yi haƙuri. A ransa kuwa ji yake kamar ya kurma ihu. Shekara da shekaru yana nuna wa mutanen da bai sani ba waɗannan birai, har ya san mai tabo a kunne da mai furfura a haɓa, amma yau da yake neman mutum ɗaya tak ya gan su, sun ƙi.

Rana ta gaba gwiwar Baba Audi ta kumbura. Ya ce ko da sarkin birai ne zai fito, shi ba inda za shi, ya shimfiɗa dardumarsa a gaban tanti ya zauna yana shafa man zafi. Mas'ud ya fita da ɗaliban ba don yana so ba. Ba su yi nisa da masauki ba sai ga biran sun dawo, garke guda, suna cin 'ya'yan itace a kan hanya, ƙanana na wasa a reshe, wani babba ya zauna yana duba tafin hannunsa. Wata ɗaliba ta rufe baki tana hawaye. Mas'ud ya bar su da abokin aikinsa ya sheƙo a guje, ya durƙusa gaban Baba Audi ya ce ga su nan kusa, ko goya shi ne zai yi. Tsohon ya ce shi ba jariri ba ne. Da ƙyar ya yarda ya dogara sanda, yana tafe yana tsayawa. Kafin su kai, biran sun gama sun haye tudu. Abin da ya rage sai rassa na motsi can sama.

"Ga shi can, Baba, dubi baƙin abin can."

Baba Audi ya ɗaga kai ya ƙanƙance ido. "Na ga ganye na kaɗawa," ya ce.

Bai yarda ya ƙara kwana ba, don kasuwar Ƙanƙara na jiransa. Manaja ta ja Mas'ud gefe kafin su tafi ta ce ruwa ya fara ja baya, tantuna duk an kama su, in matarsa ba za ta samu zuwa da wuri ba ya gaya mata gaskiya, akwai wata mata a ƙauyen kusa da ke neman aikin.

A zauren Alhaji Gide aka taru, har Muttaka ya zo daga Sheme don ya ji da kunnensa. Mas'ud na durƙushe a bakin ƙofa, Shafa'atu na bayan labule. Baba Audi ya miƙe ƙafarsa mai ciwo ya fara ba da labari tun daga matsin kujerar mota. Ya ce ya ga tantuna, ya kwana a ciki, ba sauro. Ya ce ya ga Musulmi da Kirista da Bature suna cin abinci a teburi ɗaya, ba wanda ya ga ya riƙe bindiga sai masu gadin gwamnati. Ya ce ya ga ana girmama Mas'ud, ana jin maganarsa a daji. Ya ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne ya yi barci a tsakiyar kurmi har ya makara sallar asuba, abin da bai yi ba a gidansa tun da aka fara wannan fitina. Duk wanda ya ce yaron nan ɓarawon daji ne, in ji shi, ya yi masa ƙazafi.

Muttaka ya gyaɗa kai.

"To biran hwa?" in ji Alhaji.

"Ban gani ba."

"Ko ɗaya?"

"Na ga kashi, na ji ihu, na ga ganye na motsi. Biri kam ban gani ba, ba kuma zan ce na gani ba."

Alhaji ya ce alhamdu lillahi, zargi ya kau, kuma ya nemi Mas'ud ya yafe masa. Amma ya ce har yanzu hankalinsa bai kama sana'ar da aka gina a kan abin da ba a gani ba, yau akwai gobe babu. Duk da haka ba zai raba mata da mijinta ba, Shafa'atu za ta tafi. Sai dai ba yanzu ba. Girbi ya zo, ita ce ke dafa wa 'yan ƙwadago, ga bikin ƙanwarta Saudatu an sa bayan an kai amfani gida, kuma ba mai riƙe tukunyar biki kamar ita. In an gama duka, ya zo ya ɗauke ta.

Mas'ud ya ce, cikin ladabi, aikin ba zai jira har lokacin ba. Alhaji ya ce in rabonta ne zai jira. Mas'ud ya dubi Baba Audi ko zai sa baki, tsohon ya ce shi an aike shi ya gani ne, ya kuma faɗi abin da ya gani, sauran magana ta masu gida ce. Aka shafa fatiha aka tashi.

Ya fita bayan gida inda waya ke kamawa ya kira Manaja ya gaya mata. Ta ce ta yi baƙin ciki, amma baƙi ba za su ci haƙuri ba, za ta ɗauki waccan matar. Ta ce shi ma ya hanzarta, don masu bin sawu sun yi kaɗan. Ya tsaya a wurin yana kallon karan masara da aka fara karyawa, ya ma rasa wanda zai yi fushi da shi.

Shafa'atu ba ta yi kuka ba. Ta riga ta ɗaure tukwanenta biyu da ludayi da muciya a buhu tun ranar da Mas'ud ya tafi da Baba Audi, sai ta kwance su ɗaya bayan ɗaya ta mayar madafa, tana ajiye kowace da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Mahaifiyarta ta leƙo ta koma. Da safe ta haɗa masa yaji da dambun nama a leda, ta ninke masa koren kayan ta tura can ƙasan jaka, ta ɗora jallabiya a sama.

Ta rako shi har zaure, Zahra'u na riƙe da gefen zaninta.

"Malam, ka ce ma Manaja in sabuwar mai girkin ba ta iya ba, ina nan," ta ce. "Kuma in ka tashi dawowa, kada ka sake zuwa neman izini da labari. Ka zo da mota."

Ya ce to. Ya shafa kan 'yarsa, ya saɓa jaka, ya bi layin masu babur zuwa bakin titi. Motar Funtuwa ba ta cika ba, direba ya ce sai an samu ƙarin mutum biyu, ya zauna a gidan baya kusa da buhunan barkono yana jira.